Tambaya a kan bishiyar cesnat ta Amurka da ke neman ƙarewa

Mai Katako, Ebute Metta:
Assalamu alaikum. Ni sana'ata sayar da katako a nan Legas, kuma wani abokin ciniki ya ba ni labarin wata bishiya a Amurka mai suna cesnat, wadda a da ta cika dazuzzukansu amma yanzu da ƙyar ake ganin babba. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, wai ba sara ne ya gama da ita ba. To, me ya ci ta, kuma ana yin wani abu don ceto ta?

Malam Habibu, Agege:
Wa alaikumus salam, Alhaji. Gaskiya aka faɗa maka. Wani naman gwari ne ya biyo dashen cesnat da aka shigo da shi daga Asiya, aka fara lura da shi a 1904 a gidan namun daji na Bronx a birnin New York. Yakan shiga ta rauni a ɓawo, ya zagaye kututture har abin da ke sama ya bushe, kuma cikin kimanin shekara 50 bishiyoyi fiye da biliyan 3 sun mutu. Asarar za ta fi yi maka ciwo kai mai katako, domin itacenta miƙaƙƙe ne kuma ba ya saurin ruɓewa, ga ƴaƴanta abinci ne ga mutane da dabbobi. Abin mamakin shi ne saiwar ba ta mutuwa: takan yi toho, tohon ya ɗan tashi, cutar ta sake kama shi, galibi kafin ya yi ƴaƴan da za a samu iri.

Malama Rakiya, Idi-Araba:
Game da ceton, an kafa Gidauniyar Cesnat ta Amurka a 1983, tana haɗa irin da na ƙasar Sin mai jure wa cutar, aikin da ke cin shekaru tunda bishiya ba masara ba ce. Masu bincike a birnin Sirakus na Amurka kuma sun sanya mata ƙwayar halittar alkama don karya dafin naman gwarin, amma a 2023 gidauniyar ta janye goyon bayanta ga wannan irin.

Dan Taraba, Apapa:
Alhaji, ka duba madobiyarmu ma. Ita ba cuta ce ta kama ta ba, sara ne: an yi ta kwaso gungumenta daga Taraba zuwa tashar jiragen ruwa ta Legas ana kai wa Sin, har yarjejeniyar CITES, mai kula da cinikin dabbobi da tsirran da ke neman ƙarewa tsakanin ƙasashe, ta sanya wa cinikinta takunkumi daga 2017. Ko kana ganin ta a kasuwarku yanzu?

Mai Katako, Ebute Metta:
Na gode muku duka. Ina ganin ta jefi-jefi, amma gungumen duk ƙanana ne, ba irin waɗanda na taso ina gani ba.