Moton fankar kulin tawa da ruwan Yuni: me kuka gani a wurarenku?

Ɗan Nima: Salamu alaikum iyayen gida da abokan aiki. Ina kula da injuna a wata masana'antar roba ta wajen Spintex a Accra. Kulin tawarmu, wato hasumiyar da ke sanyaya ruwan injuna, mai fanka a sama ce, moton kuma yana zaune cikin tururin da fankar ke zuƙowa. Da rani lafiya lau. Amma da ruwan Mayu da Yuni ya kankama sai mun sauke shi: ko boris, wato zoben ƙwallayen da sandar moto ke juyawa a ciki, ya fara kuka, ko kwayil, naɗin wayar cikin moto, ya ƙone. Mai kilowat 15 ne, rufaffe ruf, an buga IP55 a jikinsa. To ta ina ruwan ke shiga? Wanda ya sha wannan wahala ya taimaka mana.

Mai Naɗi, Sabon Zongo: Wa alaikumus salam. Ɗana, kuna kashe shi da dare ko ranar Lahadi?

Ɗan Nima: Muna kashewa, Baba. Daga yammacin Asabar sai Litinin da safe, ban da ranakun da wuta ta ɗauke.

Mai Naɗi, Sabon Zongo: To nan take. Naɗin kwayil ne sana'ata, kuma yawancin moton tawa da ake kawo mini, sil ɗinsa, wato robar da ke tare ruwa, ƙalau yake, amma da na cire murfi sai ga ruwa kwance a ƙasa da jar tsatsa. Ba ruwan sama ba ne. Lokacin da moto ke aiki yana da zafi, iskar cikinsa ta kumbura ta fita. Da an kashe shi ya huce, sai ya zuƙo ta waje ta bakin shaf, wato sandar moto, da akwatin waya, iskar saman tawa kuwa jiƙe take sharkaf. Ta taɓa ƙarfe mai sanyi ta zama raɓa, kamar yadda murfin tukunyar wake da shinkafa ke tara ruwa ta ciki. IP55 ƙura yake tarewa da feshin ruwa, ba ya hana iska shiga. Ka duba ƙasan moton, akwai ramukan tsiyaye da aka toshe da roba ko noti. Wanda ya fi zama ƙasa a buɗe ake barinsa, ko a riƙa buɗe shi a kai a kai. Mutane da yawa suna ɗaura moto da toshinsa yadda ya fito daga kwali.

Mai Waya, Madina: Gaskiyar Baba. In ƙara da abin da na gani a wani gidan ƙanƙara da na yi wa aiki. Na buɗe akwatin waya na tarar da siraran wayoyi biyu an naɗe su da tef an cusa gefe. Na hita ne, ɗan ƙaramin abin ɗumama da ke cikin moton, wanda ya haɗa wutar bai san amfaninsu ba. Aikinta ta riƙe kwayil da ɗan ɗumi fiye da iskar waje don kada raɓa ta sauka, wutar da take ci bai kai ta dutsen guga ba ko kusa. Na haɗa ta da 230V ta jikin kwantakta, makunnin da ke ba moto wuta, yadda da moto ya tsaya ita za ta kama. Daga nan gidan suka huta da sauke moto. Abu biyu dai: in ana dumso, wato ɗaukewar wuta, hita ma ta mutu, don haka a ɗora ta kan layin da janareta ke ɗauka. Sannan a manna gargaɗi a murfin akwatin, domin moto a kashe yake amma wayoyin nan biyu da wuta a cikinsu.

Kuma Malam, ranar Litinin kada ka danna maɓalli sai ka sa mega, na'urar auna ko rufin kwayil na yoyon wuta, a 500V. In ta nuna ƙasa da megom 5, ma'auninta ke nan, a busar da shi tukuna. Ka riƙa rubuta abin da ya nuna. Yadda lambar ke sauka mako bayan mako ya fi lambar rana ɗaya faɗa maka gaskiya. Kebul kuma ya shigo akwati ta ƙasa, a ɗan lanƙwasa shi ruwa ya ɗiga kafin ya kai baki.

Tsohon Fita, Ashaiman: Duk kun yi maganar kwayil, ba wanda ya tsaya kan boris. Ni a Tema na yi aiki, inda iskar teku ke cin ƙarfe ko ba damina, kuma boris ɗin da giris ya kashe a gabana ya fi wanda ruwa ya kashe. Yaro ya ji kuka sai ya ɗauko famfon giris ya yi ta durawa har ya ga yana ɓulɓulowa. Boris ya cika maƙil ya ɗau zafi, ragowar ya ture sil ya malala kan kwayil, ƙofar ruwa ta buɗe ke nan. A goge nonon da ake dura giris ta cikinsa, a kwance notin fitar tsohon giris, a ba shi gwargwadon abin da littafin moton ya ce, a bar shi ya yi ɗan gudu kafin a mayar da noti. Kuma kada a gauraya. Moto da yawa da girisin poliyuriya suke zuwa, na litiyom kuwa shi ya cika kasuwa; in suka haɗu sai ya tsinke ya zube, ko ya daskare. A boris ɗin sandar fanka da ruwa ke duka kai tsaye, na kalsiyom salfonet na fi yarda da shi, ruwa ba ya wanke shi da sauƙi. In shaf ɗinka sama yake kallo, sa masa faifan roba mai watsar da ruwa, in ba haka ba duk abin da ya gangaro daga fanka bakin sil zai taru.

Ɗan Koyo, Mamobi: Masta, in aka naɗe moton da leda fa ranakun hutu?

Tsohon Fita, Ashaiman: A'a yaro. Leda gumi take tarawa, kuma ranar da aka manta da ita aka kunna, moto ya dahu. Rumfar kwano mai barin iska ta wuce ta wadatar.

Injiniya, wani otal a Osu: Sannunku iyayena. Mu tawa biyu gare mu, ɗaya na aiki ɗaya na jira, kuma mai jiran ce ta riƙa cin boris, abin da ya ɗaure wa manajanmu kai. Da muka fasa boris ɗin sai muka ga ƙananan gurabe a jere, daidai tazarar ƙwallayen: girgizar maƙwabciyarta ce ke sa su cin wuri ɗaya, giris ya matse gefe, danshi ya zauna. Ga iska tana juya fankar baya, in aka kunna a haka bel da moto su sha fizga. Yanzu kowane mako muke musanya su. Daga baya aka sa inbata, na'urar da ke rage ko ƙara gudun moto, maimakon kashewa sai fanka ta rage gudu, moto ya kwana da ɗuminsa. Sai dai inbata na iya tura wuta ta cikin boris ta zana masa layi-layi, shi ya sa muka sa zoben da ke sauke wutar shaf. Masu giyabos, akwatin giya da ke tsakanin moto da fanka, su tambayi mafi ƙarancin gudun da aka yarda, don a hankali sosai mai ba ya fantsama ya kai sama. In kuma man ya koma fari-fari, ruwa ya shiga, a canja shi.

Ɗan Nima: Allah ya saka da alheri. Na hau yanzu. Wayoyin hita babu, ramin tsiyaye kuma a gefe yake, don moton na kwanciya ne aka tsayar da shi. In huda ƙasa da dirila?

Mai Naɗi, Sabon Zongo: Kada ka huda yana ɗaure, garin ƙarfe zai faɗa ciki, kuma ba ka ganin inda kwayil ya tsaya. Ka sauke shi a cire murfin ƙasa a huda a benci. Tunda an riga an buɗe, a ɗaura hita a kan kwayil, a ƙara masa fanish a gasa, a sa sabon boris mai alamar C3, wato mai ɗan ƙarin sarari a ciki saboda zafi, daga dila na gaskiya, don jabu ya yi yawa. Ka yi shi tun yanzu kafin ruwan Oktoba.