Akwatin wufa yana ta huci, ƙugin ƙasa kuma babu: laifin ramin iska ne?

Sanusi Ƙofar Kaura:
Salamu alaikum masana. Wufa ce, wato sifikar ƙugin ƙasa, mai inci 12 a but ɗin Golf 3, amfilifaya tana ba ta wat 500 RMS (wato ƙarfin da take bayarwa a ɗore). Akwatin katakon MDF ne, cikinsa santimita 50 × 35 × 30. Kafinta ya huda gaba ya sa bututun PVC na inci 4, tsawonsa santimita 10. Dukan ganga yana fita da ƙarfi, amma da kiɗa ya sauka can ƙasa sai ƙugin ya ɓace, faifan sifikar ya riƙa tsalle kamar zai fito, ramin kuma yana "fuf-fuf". Bututun ne ya yi gajarta, ko wufar ce ba ta da kyau?

Injiniya Lawal:
Wa alaikumus salam. Malam Sanusi, wufarka lafiya lau take, lissafin ramin ne ba a yi ba. Akwati mai rami yana aiki ne kamar kwalbar da ka hura bakinta: iskar da ke cikin bututu da wadda ke cikin akwati suna da sauti guda da suke amsawa a kai. Abu uku ke tsayar da wannan sauti: girman cikin akwati, faɗin rami, da tsawonsa. Ƙara tsawo, sautin ya sauka. Ƙara faɗi, ya hau.

Awon da ka bayar ya kama lita 52 da rabi. In an cire wurin da wufar da bututun suka cinye, saura kamar lita 49 zuwa 50. Bututun inci 4 mai tsawon santimita 10 a wannan akwati zai amsa ne a wajen 52 Hz (Hz shi ne yawan kaɗawar sauti a daƙiƙa; ƙaramar lamba, sauti mai kauri). Shi ya sa ganga ke fita, don dukanta a nan yake zaune. Duk abin da ya sauka ƙasa da wannan kuwa, iskar akwati ta daina riƙe faifan, iskar da ke fita ta rami tana soke wadda faifan ke turawa, ƙarar tana faɗuwa da kusan 24 dB (ma'aunin ƙarfin ƙara) duk sanda lambar Hz ta ragu da rabi. Ga tsalle, babu sauti.

Don kiɗan yau da kullum, nemi 33 zuwa 36 Hz. Da wannan bututu, don samun wajen 35 zuwa 36 Hz kana bukatar tsawon santimita 31 zuwa 33. Ta gaba ba zai shiga ba, tunda zurfinka 30 ne kawai, kuma dole a bar tazarar aƙalla faɗin bututun, wato santimita 10, tsakanin bakinsa na ciki da bango. Toshe tsohon ramin da guntun MDF da gam, ka huda gefe ya bi tsawon nan na 50, ka kauce wa maganaɗisun wufar. Ko ka sa gwiwar PVC ka lanƙwasa shi, ka auna tsawon ta tsakiyar lanƙwasar.

Babangida Daura:
Ranka ya daɗe Injiniya, lissafin daidai ne, amma tsawo kaɗai ba zai kashe hucin nan ba. Bututun inci 4 faɗin bakinsa kamar murabba'in inci 12 da rabi ne, ya yi wa wat 500 kaɗan. Iska in ta wuce gudun mita 17 a daƙiƙa a rami mai kaifin baki, sai ta fara hargitsewa, shi ne wannan "fuf-fuf" ɗin, kuma daga nan ko ka ƙara murya ƙugin ba ya ƙaruwa yadda ya kamata. Abin da masu haɗa akwati ke bi shi ne murabba'in inci 12 zuwa 16 ga kowace kubik ƙafa ɗaya. Lita 50 kubik ƙafa 1.75 ce, ke nan ana son murabba'in inci 21 zuwa 28.

Kada kuma a ce mashi ya sa bututu biyu masu tsawon 31. Wannan kuskure ya yi yawa a gari. In ka ninka faɗi, sai ka ninka tsawo har da ɗoriya: kowane ɗaya zai kai kusan santimita 69 kafin a dawo 35 Hz. In aka bar su a 31, akwatin ya koma wajen 49 Hz, an dawo gidan jiya.

Ni shawarata a sake akwati da rami mai kusurwa huɗu na katako, santimita 30 × 5, tsawo wajen 60 zuwa 65, a lanƙwasa shi ya bi bangon baya. Faɗin 5 ɗin nan ya tsaya haka har cikin kwanar, kada ya matse. Abin da kafintoci ke mantawa: ramin da katakonsa za su cinye kusan lita 13, wufar ta ci 2 zuwa 3. Don haka cikin akwatin gaba ɗaya ya kai lita 65 ko 66 kafin a samu lita 50 na aiki. MDF mai kaurin milimita 18, gam a kowace gaɓa kafin sukuru, a bi kusurwoyin ciki da silikon, a bari ya bushe sarai kafin a ɗaura wufa. Bakin ramin, ciki da waje, a goge kaifinsa da samfefa har ya zama kewayayye. Wannan ɗan aikin yana rage huci sosai.

Sanusi Ƙofar Kaura:
Allah ya saka da alheri. Sabon akwati sai ƙarshen wata. Kafin nan in na sa dogon bututun, ta yaya zan gane inda ya tsaya ba tare da na'ura ba?

Malam Ƙasimu mai waya:
Ɗan'uwa, wayarka ta isa. Sauke manhajar da ke fitar da sauti ɗaya tak, ka kashe Bass Boost (mai ƙara ƙugi) da Subsonic (mai tare sautin da ya yi ƙasa ainun) a jikin amfilifaya, ka rage murya sosai. Ɗiga alli a faifan don ido ya kama motsinsa. Fara daga 60 Hz kana sauka ɗaya-ɗaya. Inda faifan ya kusa tsayawa cak alhali ramin na feso iska da ƙarfi, nan akwatinka ya tsaya. Yanke bututun a santimita 35 tun farko ka riƙa ragewa da santimita ɗaya ko biyu, don ragewa ta fi ƙari sauƙi, kuma kada ka sa gam sai ka samu abin da kake so.

Da ka gama, mayar da Subsonic ka ajiye shi a 28 zuwa 30 Hz in akwatin ya tsaya a 35. Shi ne zai hana tsallen da ke yaga gefen faifai ko ya sa koyil, wato naɗaɗɗiyar wayar cikin sifika, ya bugi ƙasa. LPF, mai hana sautin sama shiga wufa, kuma a 80 Hz. A but, kada bakin ramin ya manne da jikin mota ko tayar safaya, bar mashi aƙalla santimita 10. Gwada juya akwatin ya kalli ƙofar but, a Golf yawanci ƙugin ya fi cika a haka. In ka ji kakkarwa, duba lambar mota da allon bayan kujera kafin ka zargi akwatin.