Zuwa bakin teku a Legas da iyali: ina za a ajiye mota?

Baƙo daga Zariya:
Assalamu alaikum. A watan Disamba zan kawo iyalina Legas da motata, kuma yara sun matsa sai sun ga teku da idonsu. A Agege za mu sauka. Rabona da garin tun ana zuwa Bar Beach, wanda na ji an ce aikin gina sabon birnin Eko Atlantic ya cinye. Ina neman shawarar mazauna garin game da wurin da ya dace da iyali, musamman inda mutum zai bar motarsa hankalinsa kwance.

Mazaunin Obalende:
Wa alaikumus salam, Malam. Gaskiya ne, Bar Beach ya zama tarihi, kuma an rushe wani sashe na wurin shaƙatawar bakin teku na Landmark a 2024 saboda titin gaɓar teku da ake ginawa daga Legas zuwa Kalaba. Yawancin wuraren da suka rage a yankin Lekki, irin su Elegushi, na masu zaman kansu ne, don haka za ka biya kuɗin shiga na kowane mutum, sannan ka biya na mota daban. Shawarata ita ce ka shigar da motar cikin harabar ka karɓi rasit, kada ka saurari samarin da za su tare ka tun daga bakin titi suna nuna maka gefen hanya, domin idan jami'an LASTMA, hukumar kula da zirga-zirgar motoci ta jihar Legas, suka zo janye ta, ba za ka ga ko ɗaya daga cikinsu ba. Ku baro Agege da sassafe, ku haye gadar Third Mainland kafin gari ya cika, saboda cunkoson hanyar Lekki zuwa Epe a Disamba yana iya cinye muku rabin yini.

Uwar 'yan biyu:
Ni kam da yara ƙanana Tarkwa Bay na fi so. Mota ba ta zuwa can, sai dai a bar ta a tashar jiragen ruwa a shiga kwale-kwale mai inji, kowa da rigar kariya. Katangar duwatsun mashigar tashar jiragen ruwa tana karya ƙarfin igiyar ruwa, shi ya sa ruwansa ya fi na Lekki lafawa. Ku dawo kafin magariba.

Direban Mile 12:
Alhaji, abin da ba a faɗa maka ba shi ne yashi. Na taɓa kai baƙi wani bakin teku bayan Ajah, na ga fili fetal kusa da ruwa, na ce bari in matsa don tsofaffi su huta da tafiya. Tayoyin gaba suka nutse, ina ƙara wuta suna ƙara haƙa rami, har ƙasan motar ya zauna daram. Sai da muka rage iskar tayoyi, muka shimfiɗa katako da ganyen kwakwa, samari shida suka tura, kuma ladan da suka karɓa ya ninka kuɗin fakin da na yi ƙyashin biya. Ka tsaya inda ƙasa take da tauri, inda ka ga ƙananan motoci sun jeru, kuma idan kun koma gida ka sa a wanke ƙarƙashin motar, domin gishirin teku yana jawo tsatsa.

Baƙo daga Zariya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Hajiya, uwargida tana tsoron kwale-kwale, amma zan karanta mata bayaninki in ji ta bakinta.