Spitfire ko Hurricane: wanne ne ya ci yaƙin sama na 1940?

Ɗan Kawo:
Salamu alaikum. Gidanmu na kusa da sansanin sojan sama na Mando, tun ina yaro ƙarar jirgi ke tashe ni. Jiya a majalisarmu muka yi musu kan jiragen yaƙin Ingila guda biyu har shayi ya huce: ni na ce Spitfire ne ya ceci Ingila daga harin Jamus a 1940, abokina ya ce Hurricane. Masana, ku raba mu.

Bakanike Panteka:
Wa alaikumus salam. Abokinka ya fi ka gaskiya. Injinsu ɗaya, Merlin na Rolls-Royce, bindigogi takwas-takwas. Spitfire ya fi gudu, amma Hurricane ya fi yawa, shi ya fi kakkaɓo jiragen Jamus. Bayan jikinsa ma ƙyalle ne aka ɗame kan firam, harsashi ya huda, a lika faci a koma sama. Spitfire kuwa sai mai gyaran ƙarfe. Dukansu in suka yi nutso ba zato injin ya shaƙe, saboda kafireto, alhali jirgin Jamus Messerschmitt 109 injekta gare shi.

Malam na Tudun Wada:
Ku ƙara da wannan, yarana. Hurricane ya ratsa ƙasar nan. Daga 1940 ana haɗa su a Takoradi ta ƙasar Ghana ta yau, su biyo Legas, Kano, Maiduguri, Khartum har Alƙahira. Matuƙin Ingila Douglas Bader ma, da ya rasa ƙafafu biyu a 1931, Hurricane ya tuƙa a wancan yaƙin.

Ɗan Kawo:
To Baba, na sha ƙasa. Shayin gobe a kaina. Amma dai Spitfire ya fi kyau!