Muhawara: Na'urar CT ta wadatar wajen tantance kayan zubin ƙarfe?

Injiniya Bala: Ni dai ra'ayina, masana'antar da ta mallaki CT, wato na'urar da ke ɗaukar hoton cikin kaya da hasken X-ray, ta sallami CMM, mai auna kaya ta hanyar taɓa shi da allura, da na'urar sauti, mai gano aibin ciki da amon sauti. Ka ɗora kan injin na alminiyam a faifai, ya juya zagaye guda, a ɗauki hotuna 1,500 zuwa 2,000, kwamfuta ta haɗa. Kumfar iskar da zubi ya bari a ciki, kaurin bango, hanyoyin ruwa da allurar CMM ba ta isa gare su, duk ga su a aiki ɗaya.

Hajiya Rabi: Injiniya, a yi lissafi tukuna. Allon karɓar haske mai ɗigo 2,000, kaya mai faɗin milimita 200: kowace ƙwayar hoto ta zama milimita 0.1. Aibi kuwa sai ya kai wajen ƙwaya uku kafin a amince da ganinsa. Tsagar da bakinta ya haɗe fa? Ba za ta fito ba. Ruwan rini mai shiga tsaga zai tona ta in ta buɗe a sama, sauti kuma zai kama ta can ciki.

Malam Sani: Ga kuma ƙarfe mai kauri. Hasken bututun X-ray mai ƙarfin kilobolt 225 na ratsa roba da alminiyam lafiya, amma da baƙin ƙarfe ya yi kauri sai a nemi 450. Raunanan haskoki ne ke fara mutuwa a jikin kayan, sai gefe ya fito da haske, tsakiya ta dushe, kwamfuta ta ɗora iyakar kayan inda ba nan take ba. Awo ya karkace ke nan.

Injiniya Bala: Wannan ai da maganinsa, Malam. Faranti na jan ƙarfe rabin milimita ko ɗaya a bakin bututu, ka ɗan karkata kayan a kan soson roba don kada shimfiɗaɗɗen gefe ya kwanta daidai da hasken.

Malam Sani: Farantin na rage haske, sai ka ƙara lokacin ɗauka. Kayan na ɗumama a ɗakin, alminiyam na miƙewa, alhali awo a zafin digiri 20 na Selsiyas ake ƙayyade shi.

Hajiya Rabi: Injiniya, inda na ba ka gaskiya shi ne kayan da aka buga da firintar ƙarfe. Garin ƙarfen da ya maƙale a hanyoyin ciki, in ba CT ba sai dai a yanka kayan. Amma ramin beyarin da kuskuren awon da aka yarda masa bai wuce mikron 10 ba, wato milimita 0.01, a CMM zan sa hannu.

Injiniya Bala: To a auna samfuri ɗaya a CMM, a daidaita CT da shi, sauran su bi ta CT.

Malam Sani: Ka ga CMM ɗin da ka sallama ta dawo ɗaki ke nan, Injiniya.