Neman kalma: me za mu kira mai sa wa doki takalmi?

Mai fassara: Assalamu alaikum. Jama'a a taimaka. Gobe da ƙarfe 4 zan miƙa fassarar wani shirin rediyo kan kiwon dawaki a Ingila, kalmar "farrier" ta tsaya mini a wuya. Shi ne mai yanke kofato, ya goge da magagari, ya ƙera takalmin ƙarfe ya buga da ƙusa. A can dokar 1975 ta hana sa wa doki takalmi sai ga wanda ke cikin rajista. Akwai kuma cuta biyu, "laminitis" da "thrush".

Ɗan barga: Wa alaikumus salam Hajiya. Mu dai "mai takalmin doki" muke cewa a filin polo, kowa ya gane.

Malamin Hausa: Wannan bayani ne, ba suna ba. Ni na ba da shawarar makofaci. Mace makofaciya, jam'i makofata.

Ɗan Maraɗi: Malam, ma- daga aikatau ake gina shi. Ƙera, maƙeri. Ɗinka, maɗinki. Ina aikatau a kofato?

Malamin Hausa: Sai a yi shi. Tsoro ya ba mu tsorata, hauka ya ba mu haukata har da mahaukaci. Me zai hana kofato ya ba mu kofata?

Ɗalibi: A hausantar da ta Turancin kawai a huta, a ce fariya.

Malamin Hausa: A'a ɗana. Fariya alfahari ce. Ka ce a rediyo "an yi wa 'yan fariya rajista" ka ga abin da mai sauraro zai fahimta.

Jikan maƙera: Ban ga dalilin wannan kewaye-kewaye ba. Mutum na aiki da zuga-zugi da uwar maƙera da masaba da awartaki, a ce ba maƙeri ba ne? Ita kanta kalmar Turancin tushenta kalmar Latin ce mai nufin ƙarfe. Maƙerin dawaki, shi ke nan. Ko don sana'ar ta zo da takarda daga Turai ake jin kunyar jingina ta da maƙera?

Malamin Hausa: Ba wanda ya raina ƙira, Alhaji.

Jikan maƙera: An raina mana. Kakannina sun ƙera linzami da likkafa tun kafin a san wani abu difloma.

Ɗan Maraɗi: Kuma kullum a Kano ake yanke hukunci, mu sai dai mu ji a rediyo. Nan masu boko kalmar Faransanci "maréchal-ferrant" suka sani. Duk abin da za a zaɓa, ya zama mutumin Maraɗi da Damagaram zai gane ba sai an yi masa ƙarin bayani ba. Makofaci ba zai gane ba.

Likitan dabbobi: Ku bari mu rage wa Hajiya aiki. Cuta ta farko, "laminitis", kumburi ne a siraran naman da ke riƙe bangon kofato da ƙashin ciki. Sau da yawa yawan hatsi ke jawo shi, kamar a cika wa doki dawa alhali yana ɗaure a turke ba motsi. Za ki ga ya miƙa ƙafafun gaba ya jingina nauyinsa baya saboda zafi. Ki ce kumburin cikin kofato. Ta biyu, "thrush", ruɓa ce a ƙasan kofato, baƙin ruwa mai wari, tana kama dokin da ke tsaye cikin danshi da kashi. Ruɓar ƙasan kofato. In kin ci karo da "frog" don Allah kada ki rubuta kwaɗo. Wani tudu ne mai taushi a tsakiyar tafin kofato da ke rage wa ƙafa bugun ƙasa, ni matashin kofato nake ce wa masu dawaki. Alhaji kuma, da girmamawa, maƙerin dawaki ya bar rabin aikin a waje. Yawancin dawakin hawan sallah ba takalmi gare su, amma kofato ba ya daina tsiro, duk bayan sati 6 zuwa 8 yana son gyara.

Mai fassara: Na gode Likita. To takardun shaidar sana'ar fa? Shirin ya ce a Amurka ba dole ba ne.

Likitan dabbobi: Haka ne. Ƙungiyar masu sana'ar ta Amurka da aka kafa a 1971 tana yin jarrabawa ta ba da shaida, amma ganin dama ne. Ki raba su: ta Ingila rajista, ta Amurka takardar shaidar ƙwarewa.

Ɗan barga: Wanda ya gama koyo a hannun maigidansa kuma a ce an yaye shi.

Malamin Hausa: Wannan na yarda. Amma makofaci fa? Jirgin sama ma ai wani ne ya fara faɗa.

Mai fassara: Malam, a gafarce ni, minti 12 ne shirin, ba wurin koyar da sabuwar kalma. Zan sa "mai gyaran kofato da takalmin doki" a farko, bayan nan "mai gyaran kofato". Inda ake maganar wuta da ƙarfe zan ce ƙira, saboda Alhaji.

Jikan maƙera: To. Ba haka na so ba.

Malamin Hausa: Ni dai a ajina makofaci zan ci gaba da koyarwa. Allah ya ba da sa'a gobe.