Hostal ko gidan Goggo? Yadda aka kaya a zauren zuriyarmu kan karatun Auta

Autarmu ta samu gurbi a Jami'ar Umaru Musa Yar'adua da ke Katsina, mu kuwa gida Daura. Bayan isha'i Baffa ya jefo magana a zaurenmu na WhatsApp.

Baffa: Salamu alaikum. Na ji ana shirin kama ma Auta gado a hostal. Ban yarda ba. Hostal wurin lalacewar tarbiyya ne, ba uwa ba uba, kowa gashin kansa yake ci. Ga Goggonta a Ƙofar Ƙaura, me ya yi zafi?

Goggo: Ɗiyata ce, ko yau ta taho. Ɗakin da yayarta ta bari da ta yi aure yana nan a share.

Yaya Babba: Baffa, Allah ya ƙara girma, ku gafarce ni. Shekara huɗu na yi a hostal. Akwai matiron, akwai masu gadi, namiji ba ya wuce bakin ƙofa, dare ya yi a rufe. Ranar da zazzaɓi ya kada ni ƙarfe biyun dare, 'yan ɗakinmu suka tallabe ni zuwa asibitin makaranta. Da katin da na biya kuɗinsa wajen rajista aka duba ni. In a gari ne, Goggo za a tasa da ciwon gwiwarta a fita neman mota?

Kawu: Ni lissafi na sani. Jami'ar tana hanyar Dutsinma, bayan gari. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 kowa ya san yadda kuɗin Napep ya koma. Zuwa da dawowa kullum, a tara na zango guda a gani. Ko ta samu bashin karatu na gwamnatin tarayya, wato NELFUND, naira 20,000 ce a wata ta kashewa. Hanya kawai za ta lashe ta.

Baffa: Kuɗin mota ni zan biya. Tarbiyya in ta zube, da nawa ake sayo ta?

Ya Ƙarami: Yaya, ki faɗi ɗaya gefen mana. Inda na yi, ɗakin mutum huɗu mu takwas ne, rabi raɓawa suke. Ruwa sai ka bi layi da bokiti tun asuba. An sace man waya a caji ina sallar la'asar. Ofishin ba da shawara kuwa, har na gama ban ga wanda ya taka shi ba, kowa na tsoron a ce ya taɓu. Kar a nuna ma Baffa kamar aljanna ce.

Baffa: Madalla, ga ɗa mai faɗin gaskiya.

Ya Ƙarami: Ku dakata Baffa, ban kai ƙarshe ba. A wannan cunkoson na haye lissafin aji ɗaya, wanda ya kusa kore ni. Wani ɗan aji uku ke zaunar da mu a masallaci bayan isha'i, kyauta. 'Yan ƙungiyar ɗalibai Musulmi ta MSSN ke buga ƙofa su tada mu asuba. Da kuɗina suka ƙare ana saura sati biyu jarrabawa, tukunyar ɗaki ta riƙe ni: wannan ya kawo shinkafa, wancan manja, ni na kawo ƙuli-ƙulin Inna. Wanda ya lalace a gabana kuwa, daga gidansu yake zuwa kullum. Ya ce ma iyayensa yana lacca, yana can wajen kallon ƙwallo.

Inna: Ni tsaro ne ya hana ni barci. Ɗalibai mata biyar na jami'ar Dutsinma da aka ɗauke a Oktoban 2023, a gidan haya ne wajen makaranta.

Baffa: Gidan haya kika ce. Gidan Goggo cikin birni yake, cikin mutane. Kar a haɗa.

(Nan kam Baffa ya yi gaskiya, kuma zauren ya yi tsit kusan minti goma.)

Inna: Na yarda. To ranar da lacca ta kai magariba fa? Budurwa ita kaɗai a bakin titi tana tsaida Napep?

Yaya Babba: Akwai wata kuma, Goggo kar ki ji haushi. Jikoki uku ne a gidan. Auta ba za ta iya zama da littafi tana kallon ki kina tuƙa tuwo ba. Kunya ba za ta bar ta ba.

Goggo: Au, 'yar aiki nake nema ke nan? Ke da kika zauna wajena lokacin sakandare, wanke-wanke ya hana ki cin jarrabawa?

Yaya Babba: Wallahi ba haka nake nufi ba. Ki yi haƙuri.

Kawu: Wai an tambayi mai karatun kuwa?

Auta: Ina wuninku. Duk yadda kuka yanke daidai ne. Sai dai an ce gadajen ba su isar kowa, wanda ya riga biya shi ke samu. In aka bari aka rufe, ko an canza shawara daga baya babu.

Daga nan Abba, wanda bai ce uffan ba tun farko, ya turo murya ta daƙiƙa goma sha biyar: a biya kuɗin gadon gobe, ta gwada zango ɗaya, kowace Juma'a ta wuce Ƙofar Ƙaura ta kwana biyu.

Baffa: Ban sauya ra'ayi ba. Amma ni zan kai ta da kaina, in ga matiron ɗin nan da idona, in karɓi lambarta.

Goggo ta karanta, alamar ta nuna shuɗi. Har yanzu ba ta ce komai ba, Yaya kuma ta kira ta sau biyu ba ta ɗaga ba.